Takardar Barin Waya

Kafin sunana ya ɓaci, ni mai buga takardu ne a wani ɗan shago a unguwar Kpakungu. Katin biki, takardar neman aiki, sanarwar rasuwa, duk ni ne. A lokacin waya ba ta yawaita ba. Mai son kira sai ya je ƙarƙashin lemar masu wayar kuɗi, ya yi maganarsa a tsaye ya tafi. Da yamma mukan zauna a benci muna cin gyaɗa, kowa yana kallon fuskar ɗan'uwansa. Har yau ina kewar wannan zama.

Da waya ta yi arha, hira ta mutu. Abin ya dami Malam Ndagi, tsohon malamin makaranta ɗan Bida, aminin mahaifina. Ya zo ya ce in buga masa takardar jan hankali ga matasa. Na so in fara da tsoratarwa, ya hana. Ya ce a fara da tambaya: yaushe rabonmu da cin abinci ba waya a hannu? Sannan a kawo labarin mutum ɗaya, domin shi zuciya take tausaya wa, ba taro ba. Kada a ce "ku", a ce "mu". A ƙarshe a roƙi abu kaɗan wanda kowa zai iya.

"Ɗana, wanda ka kunyata ba gyaruwa yake ba, ɓuya yake yi," in ji shi.

Takardar ta ratsa mutane. Abin da ta roƙa shi ne mutum ya ajiye wayarsa mako guda, ya ga yadda zai ji. Da yake ina da akwatin ƙarfe a shago, aka ce a riƙa ajiyewa a wurina. Sunan Malam ne a ƙasan takardar, shi ya sa aka yarda.

Na fara da kiran abokai da kuɗin katin da ke cikin wayoyin mutane. Sai musanya batir mai kyau da tsoho. Ba wanda ya lura. Daga nan na rubuta tawa takardar da dabarun Malam duka. Na ƙirƙiro labarin wata yarinya da waya ta makantar, na sa sunansa a ƙasa bai sani ba, na raba daga Barkin Sale har Maikunkele. Wayoyi suka yi ta zuwa. Wanda ya zo karɓar tasa sai in tausasa murya in ce mu ƙara mako, mun kusa cin nasara. Alhali na riga na sayar.

Wata mai sayar da doya, Mama Talatu, ta kawo wayar da ɗanta ya manne wa. Ta marigayin mijinta ce, da muryarsa a ciki yana waƙar coci. Da ta gane wayar ta salwanta, ba wurina ta zo ba. Ƙofar Malam ta je ta zauna tana kuka, mutane suka taru suna kiransa ɓarawo.

Asirina ya tonu, Malam ya same ni a hannun 'yan sanda. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na koya maka yadda ake sallama a ƙofar zuciyar mutum. Ban san kwasar kaya za ka shiga yi ba."

Aka ɗaure ni. A gidan yari na shirya kalmomin neman gafararsa, na yi ta gyara su a raina. Da aka sake ni, gidansa na nufa. Matarsa ce ta fito. Ta ce ya rasu tun damina, kuma tun ranar da abin ya faru bai ƙara salla a masallacin unguwa ba, sai ya taka zuwa inda ba a san shi ba. Na durƙusa.

"Tashi," ta ce. "Nawa na yafe. Nasa kuwa ba ya hannuna."

Na tuba ga Allah, yanzu facin taya nake yi. Samari da 'yan mata, ku rage riƙon waya, wannan gaskiya ce ko da daga bakina ta fito. Amma idan magana ta yi muku daɗi har ta nemi ku miƙa abin hannunku, ku tsaya ku bincika. Kuma idan dattijo ya ara muku sunansa, ku mayar masa da shi lafiya tun yana raye. Ni ban samu na mayar ba.