Ƙofar da Aka Ƙi Rufe wa Malachy

Da safiyar Litinin, uku ga watan Maris, ina cikin wanke tumbi a rumfata ta kasuwa, mai kifin da ke kusa da ni ya leƙo ya ce Malachy Twomey ya rasu. Zuciya ce ta tsaya masa yana zaune, yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Malachy, raina a ɓace nake rubuta maka wannan, domin abu guda ka roƙa a garin Cork, kuma an hana ka. Ka ce ranar da za a kai ka, motar gawa ta tsaya a bakin mashayar Lehane, a sauke labule, a rufe ƙofa, ma'aikata su fito su jeru, yadda ake yi wa duk wanda ya tsufa a kujerun gidan.

Ba alfarma ka nema ba, haƙƙinka ne. Shekara talatin da ɗoriya kana jan baƙi 'yan yawon buɗe ido a titunan nan, da tsohuwar lemarka mai yoyo. Ka hau da su tudun Shandon suna haki, ka bar su su yi ta kaɗa ƙararrawar coci har maƙwabta su tsine maka, sannan ka gangaro da su wurina. Tun daga ƙofar kasuwa nake jin muryarka: "Ke yarinya, zubo musu tumbi da curin jini, sun sha tudu!" Jikokina shida, amma a bakinka ban taɓa wuce yarinya ba. Wani Ba'amurke ya taɓa yatsine fuska ya ture kwanon, ka ce masa, "Ci, bawan Allah. Kakar taka da kake cigiyar kabarinta, wannan ta ci ta samu ƙarfin hawa jirgi." Ya suɗe kwanon har ya nemi ƙari.

Shekarar da mijina ya kwanta ciwo, kai kake buɗe min rumfa da asuba. Ba ka iya yanka ba, ba ka iya awo ba, sai dai ka cika masu saye da labari har su manta abin da ya kawo su. Ban taɓa gode maka ka bari na ƙarasa ba.

Kowane yawo naka a gidan Lehane yake ƙarewa. Lokacin hunturu, da ƙuda ma ba ya shiga gidan, kai kake cika teburan da masu shan baƙar giya da miyar kifi. In kuwa aka zo wucewa da gawar wani tsohon abokin cinikin gidan, kai ne farkon tashi. Ka cire hula, ka kora baƙinka waje, ka ce, "A sauke wayoyin nan, yau ba hoto." Tsoho Lehane, mai mashayar, ya san darajarka. Shi ma da ya mutu, da hannunka ka sauke masa labule.

Ɗansa Ronan ne ya gaji gidan. Ranar Laraba na taka da ƙafata na same shi.

Na ce, "Ronan, gobe da hantsi za mu wuce da Malachy. Ka san abin da ake yi."

Ya ce, "Haba Inna Breda, gobe fa akwai baƙi mota biyu, sun riga sun kama tebur. Zan aiko da fure."

"Fure? Wa ya nuna wa baƙin hanyar gidan nan, tun kana yawo da majina?"

"Zamani ya canza, Inna."

Duk da haka na sa rai kunya za ta kama shi. Da muka fito daga coci, direba ya tsaya daidai inda ka ce. Ƙofa a wangale, kiɗa na tashi, ƙamshin soyayyen kifi har cikin motarmu. Baƙin suka fito da kofuna a hannu, suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar akwatinka, a zatonsu wannan ma cikin shirin yawon yake. Ban ga laifinsu ba, babu wanda ya gaya musu.

Sai matarka Nuala ta sauko, ta dogara sandarta, ta ratsa su, ta ja ƙofar da hannunta ta rufe. Ba ta kai ga komawa mota ba Ronan ya buɗe ta daga ciki, ya tura katako da ƙafa ya tokare. Ko kallon inda kake bai yi ba. Nuala ta zauna kusa da ni, ta ce wa direba, "Mu je, ɗana, kada mu tare musu hanya." Wannan maganar ta fi rasuwarka ƙona min rai.

Ubangiji Ya jiƙanka, Malachy, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutun da ƙafafunka ba su samu ba a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nuala, da 'yarku Sorcha, da ƙaninka Fintan, da mutanen kasuwa da suka rufe rumfunansu suka bi ka har makabarta. Allah Ya ba mu haƙuri. Gidan Lehane kam ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su yi rashi ba. Kafin mu gama zuba maka ƙasa, mota ta biyu ta sauke musu baƙi.