Wuyan Farar Dinya

Kalandar ta zo hannuna a shekarun da arzikin mai ya sa kowa a Daura ya koma shan shayi da madarar gwangwani. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Ikko, wani lokaci ya zarce da su Kongolam, bakin iyakar Nijar. Wani dillalin madara ne ya ba shi ita. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce, "Malama, ga tsuntsayen Turawa, ki koya musu karatu." Lokacin ina koyarwa a firamare. Shekarar kalandar ba ta ƙare da shi ba, hatsari ya ɗauke shi a hanyar Kano.

Kowane wata da zanensa, kuma a ƙasa an rubuta cewa mutanen Holan ne suka zana su tun ɗaruruwan shekaru. Akwai kaji da ɗawisu a tsakar gida, akwai tantabaru, akwai matacciyar makwarwa an rataye ta ta ƙafa. Amma wadda ta shiga raina farar tsuntsuwa ce mai kama da dinya, mai dogon wuya. Ta ware fukafukai a kan sheƙarta, baki a wangale, ga wani kare ya leƙo da kai daga cikin ruwa yana hararar ƙwayayenta.

Da na fita takaba na koma gidanmu da jaririyata, na ɓalle takardun na jera su a bangon ɗakina. Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ba mugu ba ne, sai dai bai iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Ya shigo duba jaririya, ya ɗaga kai, ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai hoton abu mai rai, sai in an raba kan da gangar jikin. Haka ya yi wa duk hoton da ke gidan. Ko barewar da ke jikin farantin Gwaggo, ƙanwarsa, sai da ya kankare mata wuya.

Washegari ya dawo da reza. Ya fara da ɗawisu, ya bi kaji ɗaya bayan ɗaya, har 'yan tsaki bai bari ba. Ina tsaye da goyo ina kallo, zuciyata tana tafasa. Da ya zo kan makwarwa ya tsallake, wai ta riga ta mutu, yana ƙorafin cewa Turawa ko yanka ta ba su yi ba, mushe suka zauna suka zana. Sai ya ɗaga hannu wajen dinya.

Na sha gabansa.

"Baffa, wannan kam a'a."

"Ke, matsa."

"Ba zan matsa ba."

Tunda nake ban taɓa gaya masa haka ba. Gwaggo tana bakin ƙofa ta saki salati. Fushina ya fi tsorona.

Ya ce, "'Yar nan, takarda ce fa."

Na ce, "In takarda ce, me ya kawo reza? Ka yanka sauran, ban ce uffan ba. Abin da mahaifin yarinyar nan ya bar mini ke nan. Dube ta da kyau, Baffa, laifin me ta yi? Ƙwanta take tsaro. In yanka kake so, ga kare nan."

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon zanen. Ya dube ni, ya dubi goyon da ke bayana. Na ɗan karkata, amma ban bar wurin ba. Ya miƙa hannu ta gefen kafaɗata ya ja reza a wuyan karen, sau ɗaya, ya ce, "Dama shi ne najasa." Ya mayar da rezar takardarta ya fita.

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, sai dai duk sanda ya shigo ɗakina, bangon nan yake juya wa baya.

Sauran zanukan sun yage ta wurin yankan, na zubar da su tuntuni. 'Yata ta girma tana kwana a ƙarƙashin fukafukan nan. Takardar ta yi ja don tsufa, amma dinya tana nan a bangona, wuyanta a miƙe, karen kuwa yankakke.