Ƙamshin Rigar Babana

Zamanin Nasara, ina saurayi, nakan bar ƙauyenmu na wajen Yekuwa da kaka in tafi Magaria aikin awon gyaɗa. A can na ga 'yar wani mai sayar da goro, na nace mata, har aka ce in je in gaida iyayenta mata. Matsalata riga. Wadda nake da ita duk ƙurar gyaɗa ta cinye ta, ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce na isa.

Babana ya daɗe da rasuwa. Ya bar babbar riga baƙa, mahaifiyata tana ajiye ta cikin jakar fatar akuya a rataye bayan gadonta. Ran kasuwar Dungas, da ta fita, na shiga na ɗauka. Na ce ai ni na gaje ta.

Ina buɗe jakar ƙamshi ya bugo ni. Hayaƙi ne ya fara zuwa, na kajiji da farce da aka ƙona a kasko. Sai ɗacin bagaruwar da aka jeme fatar da ita. Can ƙasa kuma akwai turaren jibda, mai nauyi, mai ɗumi, kamar ka sa hanci a wuyan doki bayan sukuwa. Wani zai ce wari ne. Ni dai na tsaya ina shaƙa har idona ya kawo ruwa, don haka nake jin babana in ya ɗauke ni ina yaro. Na ɗauka ƙamshin jikinsa ne ya zauna a rigar.

Na sa rigar, na shiga gidan surukai ina taƙama, na durƙusa na gaida uwar yarinyar. Kusa da ita akwai goggon yarinyar, tsohuwa mai haɗa turare ta sayar wa matan gari. Ta kama hannun rigata ta kai hanci. Ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce, "Yaro, an ce mana ba ka da mata."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

"To wannan turaren ɗaki ne. Mace ba ta yi wa kowa shi sai mijinta. Wa ta turara maka?"

Na buɗe baki zan ce rigar marigayi ce, ƙamshin tun na da ne. Sai ta sake shaƙa, ta ce, "Kada ka ce mini tsoho ne. Hayaƙin nan bai yi mako ba."

Ashe duk shekarun nan mahaifiyata, da furfurarta, tana rufe ƙofa ta turara rigar mijin da ke cikin ƙasa. Ni kuma na kwaso sirrinta na shigo da shi tsakar gidan mutane ina yauƙi. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni. Amma na san kafin kasuwa ta sake ci, labarin zai kai bakin rijiyar ƙauyenmu, mata su yi ta dariyar tsohuwar da ba ta haƙura ba.

Na sunkuyar da kai na yi shiru. Suka ɗauke ni manemin mata, kuma ba su yi laifi ba. Kafin damina aka ba wani ita. Na so yarinyar nan ƙwarai, na yi baƙin ciki ba kaɗan ba.

Da na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na ajiye jakar gefenta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ta dubi ƙwaryar garin ta ce, "An tambaya?"

Na ce, "An tambaya."

"Aka ce me?"

"Ba a ce komai ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na kasa ɗaga tawa.