Kifin Matar Yaya

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, gyaran kifi take yi a ƙarshen layin kasuwa, inda ruwan wanki ke kwanciya ƙudaje suna cin karensu babu babbaka. Tun ina yarinya a kan kujerar nan na san ta, wuƙa a hannu, ɓawon kifi manne a goshi. Ko da wane sabulu ta yi wanka, ƙarnin yana nan. Wannan bai taɓa damuna ba, sana'a ce. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne sana'arta ta biyu, fassarar mafarki.

Ba wanda ya koya mata. Kawai don kullum kifi na hannunta, mata suka ɗauka ta san sirrinsa. Ƙaramin kifi a mafarki, ƙaramin alheri. Matacce, a yi sadaka. Idan kuwa babba ne mai rai, ko kai ba ta ɗagawa daga farke cikin da take yi, sai ta ce, "Haihuwa ce, je ki shirya."

Matar yayana ta daɗe tana neman haihuwa, har ta daina zuwa barka don gudun kallon tausayi. Wata safiya ta ce ta yi mafarkin wani ƙaton kifi a cikin bahon wankinta, yana juyi, bahon ya yi masa kaɗan. Kafin azahar maganar ta kai kasuwa. Gwaggo ta zo gidan da kanta, ta ɗora hannun nan nata mai ƙarni a kan cikin baiwar Allah, ta ce an gama.

Abin haushi, sai cikin ya fara tasowa. Yaya ya sayo gadon jariri ya kafa a kusurwar ɗaki. Na ce a je asibiti a duba.

"Kada ku kuskura," in ji Gwaggo. "Kifi ba ya son haske. Na'urar can tana haska shi zai nutse, ba ku ƙara ganinsa."

Na ce, "Haba Gwaggo, ciki ne ko kogi?"

"Ke rufe mana baki! Yaushe aka haife ki?"

Yaya ya yi dariya. Namiji da gemunsa, amma ya bi maganar Gwaggo.

Watannin haihuwa suka cika, suka wuce. Ciki na girma, mai cikin na ramewa, jini ba ya tsayawa, leɓɓanta sun yi fari fat. Gwaggo ta ce babban kifi ba ya gaggawa. Ranar da na tarar da matar Yaya a durƙushe a banɗaki ta kasa tashi, ban nemi izinin kowa ba, na tari mota na kai ta asibiti.

Ba ɗa ba ne, ƙari ne. Likitar ta ce da an zo da wuri, da ƙarin kaɗai za a cire. Yanzu sai an haɗa da mahaifar.

Bayan aikin Gwaggo ta zo dubiya. Ta tsaya a bakin gado tana girgiza kai, ko kunya babu.

"Kun ga abin da nake gudu. An haska shi, ya juye."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji muryar matar Yaya, can ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, da ba a kawo ni ba, da ya zauna?"

"Da ya zauna mana, 'yar nan."

Matar Yaya ta juyo ta dube ni. Ruwa ne a hannuna, na miƙa mata kofin. Ta kau da kai ta fuskanci bango. Har yau, idan na shiga gidan, tashi take yi ta shige ɗaki.