Kaliova Ya Ba Da Injinsa

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kaliova Seruvatu a gidansa da ke Dromuloa, a gaɓar tekun lardin Ra. Ya ɗan haura shekara saba'in. Ya bar matarsa Asenaca, da 'yarsu Litiana da ke aiki a Auckland, da ƙanwarsa Torika. Nas ta ce ciwon huhu ne ajalinsa, kuma gaskiya ta faɗa. Sauran bayanin, mu da muke zaune a gefen tabarmarsa mu ke da shi.

Ni taubashinsa ne, tavale kamar yadda muke cewa, domin mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi. Saboda haka, Kaliova, ban iya yi maka magana da ladabi ba. Yau zan gwada.

Ba ka taɓa kirana da sunana ba tun ranar da na fara aikin jarida a birnin Suva. Jarida kake ce mini. Duk baƙon da ya zo garin sai ka gaya masa cewa ba ka taɓa fashin shafina ba, in ya yaba, sai ka zaro shafin daga aljihu, ka yage gefensa, ka naɗe taba a ciki. Kana cewa rubutuna ya fi na kowa kama wuta. Sai bayan na yi ritaya na dawo gida Asenaca ta gaya mini cewa kakan sa ta karanta maka kafin ka yaga.

Masunci ne kai, mai nutso, kuma kai ka fara kawo firiza garin nan, tare da ƙaramin janareta na ko-ta-kwana. Matan da ke kamun kifi a bakin gaɓa suka mayar da firizar tasu. Ba ka taɓa karɓar komai a hannunsu ba, sai dai ka yi ta yi musu mita. Kana buɗe murfin kana cewa kifin wance ya fi ta wari, ita kuma tana ramawa. In injin kwale-kwalen wani ya ƙi tashi, ƙofarka ake ajiye shi. Lokacin da teku ta cinye mijin maƙwabciyarka, shekara guda cur kana rataye kifi a jikin bishiyar ƙofarta da sassafe, in an tambaye ka ka ce ba ka san zancen ba.

Nutso da taba suka gama da huhunka. Bara Litiana ta aiko da na'urar da ke tace iska ta tura maka ta siririn bututu a hanci. Da lantarki take aiki. Ka sa ta a ƙuryar ɗaki, aka lulluɓe ta da zane. Mu na kusa ne kawai muka sani. Torika, da ke aure a tsibirin Nabuatolu, ba ta sani ba, kuma babu mamaki. Namiji ba ya zancen jikinsa da 'yar'uwarsa. Ko tabarma ɗaya ba kwa zama a kai.

Guguwar ta iso mana a farkon Janairu. Rediyo ya yi gargaɗi, muka ɗaure rufin gidaje da igiya, muka tattara a coci. Kai kuma ka sa aka ɗauko na'urarka a cikin kwali, da janaretan a naɗe cikin tamfol, aka cusa su ƙarƙashin mumbari. Fasto ya ɗaga gira, ka ce masa ai shi ma injin yana bukatar ceto. Da la'asar iskar ta fara. Ba zan siffanta ta ba, duk mai karanta wannan a Ra ya ji ta da kunnensa. Da muka fito, babu ganye ko ɗaya a kan tuddai. Rogo da gwaza sun tuge, kwakwa ta karye, kwanon rufi ya naɗe a jikin itatuwa. Turakun wuta suna kwance tun daga garinmu har iyakar gani. Gada ta tafi, ƙasa ta zabtare ta rufe hanya.

A kwanakin farko gidanka ne kaɗai ke da ƙarar inji. Ka raba kifin firiza kafin ya ruɓe, ka kashe ta, ka bar injin don na'urar. Kana da man da ka tara na kwale-kwale, kana tsimin sa. In an tada injin, wayoyin gari duka suna jere a kan taga suna shan caji, ko da yake babu layin da za a kira kowa. Kana lafiya a lokacin. Har kana fita kana nuna wa samari yadda ake miƙe kwanon da ya lanƙwashe.

Sai Inoke ya zo, ɗan Torika.

Ɗan 'yar'uwa a garin kawunsa vasu ne. Abin da ya gani ya so, nasa ne, ba a hana shi, ba a tambayarsa dalili. Yawanci abin dariya ne: riga, adda, ɗan alade. Inoke bai taɓa ɗaukar abin da ya fi hula ba. Ranar ma bai miƙa hannu ya ɗauka ba. Ya zo da ƙullin yaqona, saiwar da ake miƙa wa babba in an zo roƙo, ya zauna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Momo, kawuna, teku ta shiga rijiyoyinmu. Tankunan ruwan sama duk sun fashe. Burtsatse ce kawai ta rage, ita kuma sai da wuta. Yara suna ta gudawa. Jiya mun binne ɗaya."

Ina zaune a wurin. Na ga Asenaca ta daina tuƙin abin da take tuƙawa. Ƙofar ƙuryar ɗakin a rufe take.

Ka ce, "Wannan tsohon injin? Dama ƙararsa ta ishe ni. Ɗauki. Ɗauki man ma, me zan yi da mai ba inji?"

Muka tafa kamar yadda ake yi in an ba da kyauta. Hannuna ma ya tafa. Samari biyu suka kama masa injin zuwa kwale-kwale.

Da ya tafi na rufe ka da faɗa. Na ce ba ka da hankali, na ce ai da ka buɗe ƙofar nan ya gani. Ka ce in ya gani ba zai ɗauka ba, in bai ɗauka ba za su binne na biyu. Na ce to ni ma vasu ne a garin nan, uwata 'yar gidan nan ce, na riga shi, injin nawa ne, a dawo mini da abina.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Jarida, kai haƙƙinka a kan babana yake. Ga kabarinsa can bayan coci. Je ka ɗauki duk abin da ka samu."

Asenaca ta sauke tukunyarta. Matar da aka auro daga wani gari ba ta shiga tsakanin mutum da ɗan 'yar'uwarsa. Ta dai shiga ƙurya, ta jima ba ta fito ba.

Daga nan sai jira. Na yi shekaru ina rubuta labarin bala'i, na san wanda ake kira, na san ofishin da ake bugawa ƙofa. Babu ɗaya da ya yi mini amfani. Mun haɗa batirin mota da na'urar, ya ja ta na ɗan lokaci ya mutu, kuma babu inda za a yi masa caji. Mun tattara ragowar man garin muka kai ka ɗakin shan magani a kwale-kwale. Mun tarar rufin wurin ya tafi, nas tana duba mutane a ƙarƙashin tamfol. Tukunyar iska ɗaya ta rage mata, ta ba ka abin da ke ciki, ta ce babban asibiti ya kamata a kai ka, da zarar an buɗe hanya. Man da ke gare mu bai fi na komawa gida ba. Na hau tudun bayan gari inda layin waya ke leƙowa, na samu Litiana. Ta buga wa duk shagon da ta sani a Lautoka da Suva, janareta ya ƙare ko'ina. Ta sayi ɗaya a can Auckland ta sa a jirgin ruwa. Har yau bai iso ba.

Zafi ya sauka, irin zafin bayan guguwa, babu inuwa babu iska. Matan firiza suka raba aiki a tsakaninsu. Kowacce ta zo da maficinta, suna zama biyu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna yi maka fifita. Mun san ba irin iskar da kake bukata ba ke nan. Su ma sun sani. Ba su fasa ba. Kana numfashi kamar mai hawan dutse, leɓɓanka suna canza launi, duk da haka in ka samu sarari sai ka ce wa ɗaya hannunta ya mutu, a kawo wata.

Da na ga ka daina iya gama magana, na karya umarninka na kada a gaya wa Inoke. Wani masunci, dattijon kirki, zai tuƙa zuwa Nabuatolu, na ja shi gefe na ce ya gaya wa Inoke ƙarara: kawunka zai mutu in babu injin. Ya ce to. Ya je, ya zauna a gaban Inoke, bakinsa ya kasa. Tun da aka kafa garuruwan nan ba a taɓa aika wa vasu cewa ya dawo da abin da ya ɗauka ba, kuma bai san da waɗanne kalmomi ake faɗin haka ba. Abin da ya iya cewa shi ne: kawunka yana gaishe ka, jikin nasa dai sai a hankali. Inoke ya aiko da gasasshen kifi, da saiwar maganin tari daga wurin Torika, da albishir cewa ruwa yana zuwa, yara sun fara tashi.

Aka gaya maka saƙon. Ka ci ɗan kifin. Ka dube ni, na san ka gane abin da na yi, ba ka da numfashin zagina.

Da aka buɗe hanya aka ce mota za ta zo ranar Laraba. Ka tafi ranar Talata, kanka a kan cinyar Asenaca, maficai biyu suna kaɗawa.

Na tambayi nas ko da injin yana nan da ka rayu. Ta ce watakila wata shida, watakila shekara biyu, ba wanda zai iya rantsewa. Na kuma tambayi ta Nabuatolu. Ta ce tun da famfon ya tashi ba su sake binne yaro ba. Na rubuta maganganun biyu kamar yadda aka gaya mini. Ban iya ɗora su a kan sikeli ba, kuma ba na son wanda zai ɗora mini.

Mutanen Nabuatolu sun zo gaisuwa da tabarmi da haƙorin ƙaton kifin teku da ake kira whale kamar yadda ya dace. Inoke ya taho da injin, a goge, don a samu haske a zaman makoki. Yana neman inda zai ja wayar wuta ya tura ƙofar ƙurya. Zanen ya zame, ya ga na'urar, ya ga bututun. Ba yaro ba ne, ya san mece ce.

Ya fito tsakar gida ya tsaya. Ya ce, "Wa ya sani?" Ba wanda ya ɗaga kai. Ya ce, "Duk kun sani? Kuka tafa mini?"

Torika tana cikin mata, ta kifa fuskarta a kan tabarma. Inoke ya kama injin shi kaɗai, yana jan sa zuwa bakin teku, yana cewa sai ya jefa shi. Maza suka tashi, amma babu mai ikon riƙe hannun vasu. Asenaca ce ta sha gabansa, ita da ba ta taɓa sa baki ba.

Ta ce, "Ajiye. Ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya wa yaron nan ya riƙa canza baƙin mai, don bai iya riƙon kaya ba." Ta share fuskarta da bakin zane. "Wuta ta dawo muku ne? To me yaran ke sha tun jiya? Ɗauki ka koma."

Inoke ya saki injin. Daga baya ya durƙusa, ya tafa a hankali, ya ce an gode. A wannan karon shi kaɗai ya tafa. Na kama masa gefe ɗaya muka sa injin a kwale-kwale. Ya tafi ya tada famfon, ya dawo washegari, yana nan aka binne kawunsa. Zaman makokin da fitilar kananzir muka yi shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Asenaca, Allah Ya ba ta haƙuri daidai da abin da ta haɗiye. Ga Litiana, wadda ta yi duk abin da 'ya za ta iya yi daga nesa. Ga Torika, wadda ta rasa wanta ba tare da ta san girman ciwonsa ba. Ga matan Dromuloa da hannuwansu suka gaji ba su ajiye mafici ba. Ga dattijon da bakinsa ya kasa, kada ya ɗora wa kansa, da ni aka aika ban tabbata zan iya ba. Ga Inoke kuma, ba ni da kalmar da za ta isa. Ka roƙi ruwa don yara, an ba ka. Wanda ya ba ka ya san abin da yake bayarwa.

Kaliova, tavale, Ubangiji Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kai. Ya sa ka huta a inda ba a wahalar numfashi. Ya raya yaran Nabuatolu, Ya sa su zama mutanen kirki. Mu da ka bari a cikin duhu, Ya ba mu ƙarfin jira. Amin.