Kwanon da Goggo Ta Kai Gidan Madam

Shekaru sun ja, kuma ƙwaƙwalwata ba ta da riƙon da mutane ke zato. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru a wata shekara da na wata. Mai yiwuwa kuma wata maganar da nake ganin da kunnena na ji ta, a bakin mahaifina na tsince ta daga baya. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce na rantse a kan abin da ban tabbatar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wani tsohon abokin aikina ya je Amurka ganin ɗansa, ya dawo da labari. Ya ce a birnin Shikago, a wani zauren taro, an jera hotunan matan birnin da suka yi abin a zo a gani, kuma can ƙarshen jerin ya ga hoton Madam, wata Ba'amurkiya da muka sani a Jidda. Wai an rubuta cewa ta kafa ƙungiyoyin wasa a Jidda, ta kuma ƙulla zumunci da matan ƙasar. Ban ga hoton da idona ba. Ba na kuma musun ƙungiyoyin, ta kafa su. Zumuncin ne nake da magana a kai, domin mace ɗaya na sani da aka ƙulla shi da ita, ita ce Goggo, yayar mahaifina.

A goye Goggo ta shigo Jidda. Iyayensu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, suka ratsa Sudan, suka haye teku, ba su sake komawa ba. A unguwar Mahjar ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu bai bar mata ɗa ba. Wanki da guga take yi. Takardar zama kuwa, wato iƙama, ba ta taɓa mallaka ba. Takan ce takarda ta maza ce masu zuwa ofis, ita wa zai tambaye ta alhali kowane ɗan ga-ruwa a unguwar ya san ƙofarta. Mahaifina yana da tasa a ƙarƙashin wani ɗan kasuwa a Balad, cikin tsohon gari, wanda ya tsaya masa kafili, wato mai lamuninsa, ni kuma da na dawo daga jami'a a Alƙahira, wajen ƙarshen shekarun sittin, wani kamfanin gine-gine na Amurkawa ya ɗauke ni tafinta ya tsaya mini.

Gidajen ma'aikatan kamfanin suna cikin shinge a arewacin gari. A bayan shingen akwai wani fili mai gishiri-gishiri da suka share, a nan suke wasansu na besbol duk yammacin Alhamis. Madam, matar babban injiniya, ita ta tsara abin. Ta ce a birninsu manyan ƙungiyoyi biyu ne, ɗaya a arewacin gari ɗaya a kudu, kuma gaba ce tsakanin magoya bayansu tun kaka da kakanni. Sai ta raba mazan kamfanin gida biyu, 'yan Arewa masu shuɗiyar hula da 'yan Kudu masu baƙa, ta sa aka ɗinka musu fararen kaya. Da aka rasa mai wanke kayan, ni na kawo Goggo.

Goggo ba ta taɓa kiran wasan da sunansa ba. Wasan taɓarya take ce masa, saboda kulkin da suke maka wa ƙwallon. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda ƙato da gemunsa zai rugo da gudu ya zube yana jan ciki a ƙasa da gangan, cikin farin wandon da ta kwana biyu tana sa wa bula da sitaci. Amma tana alfahari da aikin. Ranar Laraba igiyoyin gidanmu kaf fari fat, har maƙwabta na tsokanarta wai ta buɗe asibiti.

A falon Madam akwai hotunan mata a bango, kuma tana son ba da labarinsu. Wata rana Goggo ta kai kaya, aka kira ni daga ofis in fassara. Madam ta nuna wata ta ce wannan ta buɗe gida a unguwar talakawa don baƙin da suka shigo birnin ba su da kowa. Ta nuna wata baƙar fata ta ce wannan an ce ta koma bayan sahu a wani jerin gwanon mata saboda launinta, ta ƙi. Ta nuna wasu 'yan mata da kulki a kafaɗa ta ce su suka riƙe wasan lokacin da maza suka tafi yaƙi. Ban san iyakar gaskiyar labaran ba a lokacin, ko da yake daga baya na karanta wasu na ga ba ta ƙara gishiri sosai ba. Goggo ta daɗe tana kallon hoton mai gidan baƙi. A hanya ta ce mini matar da ta rataye irin waɗannan a ɗakinta, 'yar gidan mutunci ce.

Da ƙaramar Salla ta zo, Goggo ta soya alkaki ta zuba a kwanonta na fenti mai furanni, wanda uwarta ta bar mata, ta ba ni in kai. Bayan kwana kaɗan direba ya dawo da kwanon, cike da kek. Goggo ta sake aikawa da dambun nama, kwano ya dawo da sabulu mai ƙamshi da ɗankwali. Ta sake, ya sake dawowa da kaya a ciki.

Dole in yi bayani a nan, domin yaran yanzu ba su san wannan ba. A wurin matan unguwarmu, irin wannan kai-komo na kwano ba wasa ba ne. Haka ake neman ƙawance, kuma wadda ba ta so sai ta mayar da kwano wanke, da godiya, magana ta ƙare ba tare da an ji kunya ba. Wadda ta mayar da shi da kaya, ta kuma maimaita, to ta amsa. Daga ranar, bikinki nata ne, mutuwarki tata ce, in ruwa ya ci ki ita za ta fara miƙo hannu. Goggo ta shaida wa matan layinmu cewa ta yi ƙawa.

Na yi ƙoƙarin ja mata kunne, a hankali, domin ni ma ban tabbata ba. Na ce na ji matan kamfanin suna cewa a garinsu ma abin kunya ne a mayar da kwano ba komai, ko na wane ne, don haka wataƙila ladabi ne kawai. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai mai digiri," in ji ta, "a Alƙahirar aka koya maka ƙawancen mata? Je ka fassara wa masu siminti."

Daga nan Goggo ta ɗauki nauyin da ƙawa ke ɗauka. Da ƙyanda ta kama ɗan Madam, ta bar wankinta ta tare a can har ya warke. Da labari ya zo cewa mahaifiyar Madam ta rasu a Amurka, Goggo ta yafa mayafi ta je zaman makoki, ta zauna a barandar kicin ita kaɗai, domin babu wani da ya zo zama. Sannan ta daina karɓar ladan wanki, na gidan da na ƙungiyoyin duka, domin ba a karɓar lada a hannun ƙawa. Madam ta yi ta matsa mata na ɗan lokaci, daga baya ta haƙura. Na ji ta da kaina tana gaya wa baƙi cewa har matan gari sun fara ba da gudummawa ga wasan kyauta. Ta ji daɗin abin ƙwarai. Ban taɓa jin ta tambayi me Goggo ke ci ba.

A farkon shekarun saba'in, in ban yi kuskure ba, aka tsananta binciken takardu. Aka fara tare mutane a kasuwa da tashar mota, wanda ba shi da iƙama a tsare shi, a sa shi a jirgi. Goggo ta daina fita sai dole. Mahaifina ya je wurin kafilinsa, aka ce masa izininsa ya tsaya kan mata da 'ya'ya, ban da 'yar'uwa. Ni na je wurin shugaban ma'aikata, ya ce kamfani na tsaya wa wanda yake biya albashi ne, ita kuwa ta daɗe ba ta karɓi komai ba, a wurinsu mai taimako ce kawai. Amma ya ce hanya ɗaya ta rage: kowane babban ma'aikaci yana da izinin tsaya wa mai aikin gida ɗaya, kuma gidan injiniya ba su yi amfani da nasu ba. In Madam ta yarda ta shaida a rubuce, mijinta zai sa hannu, halas.

Goggo ta yi dariya da na gaya mata. Ta ce ashe abin ma a hannun ƙawarta yake, muka bi muka tayar da hankalinmu.

Ranar Alhamis muka je, ranar wasan ƙarshe tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. Goggo ta ci ado, ta riƙo kwanon da funkaso a ciki. Madam na zaune a gaban rumfa da shuɗiyar hula a kanta. Ta rungume Goggo, ta sa aka ba ta kujera. Na yi bayanin komai dalla-dalla, har na maimaita, don kada a ce tafinta ne ya rage wani abu. Na ce in ba a sa hannun nan ba, za a iya kai ta ƙasar da ta bari tana jaririya.

Fuskar Madam ta canza. Ta ce abin ya taɓa ta matuƙa. Ta ce amma takardar tana nufin ta shaida cewa Goggo 'yar aikinta ce da take biya, wannan kuwa ba gaskiya ba ne, ita ba ta sa hannu a kan ƙarya, kuma in aka gano, aikin mijinta na iya taɓuwa. Sannan ta dafa hannun Goggo ta faɗi maganar da har yau nake jin ta:

"Ba zan iya rubuta cewa baranyata ce ba. Ai ƙawata ce."

Na fassara. Goggo ta sa na sake faɗa. Sai ta gyara mayafinta ta ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Ɗan nan, ce mata ta rubuta baiwa ma, in takardar za ta karɓa. Ni na yafe."

Na fassara wannan ma yadda yake. Idon Madam ya kawo ruwa. Ta ce kada a sake faɗin wannan kalma a gabanta, ta fara ba mu labarin baƙar matar nan ta hoton falonta da irin gwagwarmayar da aka sha a ƙasarsu. Tana cikin magana sai aka ji ƙarar kulki, rumfa ta kaure da ihu, wani ɗan Arewa ya maka ƙwallo har bayan shinge. Madam ta juya kai ta bi ƙwallon da kallo. Ba ta daɗe ba, na yarda. Ta juyo ta ce mu bari a gama wasa, za ta yi tunani, wataƙila akwai wata hanya.

Na sha gaya wa kaina cewa mutum na iya juyawa don ƙara kawai, ba da niyya ba. Na sha gaya wa kaina cewa tsoron aikin miji ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ta san nauyin kwano a wurinmu ba. To amma jinyar ɗanta fa? Zaman makokin fa? Wace ƙasa ce a duniya da mace za ta yi maka waɗannan ka ɗauka nishaɗi take yi? Ta karɓi wankin shekaru kyauta ba ta ga ƙarya a ciki ba, sai a layi ɗaya na takarda gaskiya ta kama ta. Ta rataye hoton mai gidan baƙi a bangonta, baƙuwa ɗaya tak ta zo ƙofarta, ita ma ba baƙuwar ba ce, ta fi ta daɗewa a garin da shekara hamsin.

Goggo ba ta jira ƙarshen wasan ba. Ta ajiye kwanon a kan kujera muka tafi. A mota, da muka kusa gida, ta tambaye ni ko an kwashe kayan 'yan Kudu na makon jiya, don ta bar su a ninke a kan akwati.

Wata hanyar ba ta zo ba. Na tuntuɓi Madam a ofis, ta ce tana kan bincike. Na sake, aka ce sun tafi Abhur, bakin teku, shan iska. Ba a yi wata biyu ba aka tare Goggo a Balad, ta je sayen bula. Mun gan ta sau ɗaya ta bayan shingen waya kafin a sa su a jirgin ruwa. Daga baya wani alhaji ɗan Sudan ya ce ya gan ta a Fot Sudan tana wanki a unguwar Hausawa, wani kuma ya ce an wuce da su gaba. Saƙo ɗaya ya iso mu da baki, cewa tana lafiya, a kula mata da igiyoyinta. Bayan shi ba mu ƙara jin komai ba.

Kwanon kuwa ya dawo. Mako guda bayan tafiyarta direba ya kawo shi, cike da kek, an rufe da farin ƙyalle. Mahaifina ya buɗe ya duba, ya mayar da murfin, ya ce a kai wa awakin maƙwabta. Kwanon yana wurina.

Na san akwai waɗanda suka zauna a rumfar nan ranar, direbobi da masu dafa abinci da 'yan uwana ma'aikatan ofis, kuma wasunsu na raye a Mahjar da sauran unguwanni. In na zalunci Madam a wani wuri, in akwai wani ƙoƙari da ta yi a ɓoye wanda ban sani ba, a aiko mini, zan gyara ko da raina bai so ba. In na rikita shekara ko wurin da aka kama Goggo, shi ma a faɗa mini. Wanda kuma ya san inda jirgin nan ya sauke ta, ko inda aka binne ta, don Allah ya fara da wannan.