Inda Kawu Ya Tsuguna

Jiya ina gyara akwati sai wani tsohon hoto ya faɗo: malam-buɗe-littafi ne sun yi cincirindo a kan yashi. Na daɗe riƙe da shi ina tuna Kawu.

Shi ne mai hoton ƙauyenmu, can wajen Makoda. Bayan la'asar yakan bi hanyar bakin rafi, kyamara a wuya, ido a ƙasa. Sawun ƙadangare, saƙar gizo a jikin ƙaya, duk ɗauka yake. Mutane su ce asarar fim, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Tsuguna ka gani."

Shekarar fari, da rijiyoyinmu suka ƙafe har wasu suka fara ɗaure kaya, na raka shi wata rana. Yashin rafin na ƙona ƙafa. A wata kwana ya ja ya tsaya, ya saita kyamara kan wasu malam-buɗe-littafi da suka taru a yashi.

"Haba Kawu, ana fama da ƙishirwa kai kana hoton ƙwari?" na ce, raina a ɓace.

Sai da ya ɗauka sannan ya dube ni. "Me suke tsotsa a busasshen yashi? Tsuguna."

Na tsuguna na cusa hannu. Sanyi na ji, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Washegari aka haƙa wurin. Kafin azahar mata sun yi layi da tuluna, kuma babu gidan da ya tashi. Har yau Rijiyar Mai Hoto ake kiranta. Duk baƙon da ya tambaya, ni nake rigan kowa cewa kawuna ne.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya shayar da kai yadda ka shayar da mu.